Shin Hedkwatar Jiha Ita Ce Birni Mafi Girma?

Da yawa daga cikinmu mukan ɗauka cewa duk garin da gwamna yake zaune shi ne mafi girma a jiha. Ba ko'ina abin yake haka ba. A Jihar Abiya, Aba ta fi Umuahia jama'a. Abuja ma, da ta karɓi kujerar mulkin ƙasa a 1991, ba ta kamo Legas ba.

A Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, Birnin Kebbi ya haɗa biyun. To, amma yaya aka yi? A da, Gwandu ce mazaunin Abdullahi ɗan Fodiyo, daga nan ake kula da yammacin Daular Sakkwato har zuwa Nufe da Ilori. A 1906, bayan yaƙin Satiru, Turawa suka mayar da fadar Birnin Kebbi. Shi ya sa a yau Sarkin Gwandu yake Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Gwandu ta riƙe suna da tarihi, amma hedkwatar ƙaramar hukuma ce kawai.

Ita kuwa Kalgo ta ci albarkacin maƙwabtaka. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza.

Ashe ke nan kujerar mulki ce takan jawo ma'aikata da kasuwa da makarantu. Abin tambaya shi ne, wa zai tuna da garuruwan nesa irin su Zuru da Yawuri ranar rabo?