Ƙaramar Jam'iyya da Akwatin Ƙauye: Abin da Gaya da Ajingi Suka Nuna

A zaɓen ƙananan hukumomi na watan Janairun 2021, jam'iyyar APC ta share kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 na jihar Kano gaba ɗaya. A lokacin, ɗaiɗaiku ne a Gaya ko Ajingi za su iya gaya maka alamar NNPP. Bayan shekara biyu, ranar 25 ga Fabrairu, 2023, wannan jam'iyya mai kwandon kayan marmari ta kayar da Sanata Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya shekara 16 yana wakiltar Kano ta Kudu, ta ba Abdurrahman Kawu Sumaila kujerar. A rana guda kuma Dokta Ghali Mustapha Tijjani ya karɓe kujerar majalisar wakilai ta Gaya, Ajingi da Albasu daga hannun Abdullahi Mahmud Gaya, wanda ke kai tun 2015.

Duk mai riƙe da ƙaramar jam'iyya zai ji wannan labari ya ce, ashe mu ma za mu iya. Za ku iya, amma a fara faɗin gaskiya: NNPP ta 2023 sunanta ne kawai ƙarami. Jam'iyyar ta daɗe da rajista, ta yi kusan shekara ashirin ba ta tsinana abin kirki a Kano ba, har sai da Rabi'u Musa Kwankwaso ya shige ta a 2022 da jama'arsa. Waɗanda ya shigo da su kuwa sun san kan aikin. Suna da shugabanni a kowace mazaɓa, da mata masu shiga gida-gida, da matasan da aka kai karatu waje suka dawo suna ganin akwai bashi a wuyansu, ga kuma ɗacin zaɓen 2019 da aka ce bai kammala ba, wanda har yau in an ambaci mazaɓar Gama sai ran wasu ya sosu. Mutanen ne suka ci zaɓe, jam'iyyar rumfa ce da suka fake a ciki. Ƙaramar jam'iyyar da ta buga fosta ta yi hayar motar lasifika, alhali ba ta da mutum goma da za ta kira da suna a Kademi ko Toranke, ba ta fara komai ba tukuna.

Abin da ya kamata ta fara dubawa shi ne inda ƙuri'ar take. Masu rajistar zaɓe a jihar Kano a 2023 sun kusa miliyan 6. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. In ka haɗa da 'yan abin da sauran suka tsinta, abin bai wuce wajen miliyan 2 ba. Ke nan cikin mutum uku masu rajista, biyu suna gida ko gona ko kasuwa. Ƙananan jam'iyyu sukan ɓata ƙarfinsu wajen zawarcin ɗan a-mutun wata jam'iyya, wanda ko ka kwana kana yi masa bayani, gobe inda ya saba zai dangwala. Ga tulin mutane can da ba wanda ya taka ƙofarsu: matar auren da katinta ke ƙasan akwatin kaya, saurayin da ya yi rajista bai je ya karɓa ba, ɗan cirani da ke Legas ko Fatakwal lokacin zaɓe saboda rani ne, dattijon da ya ce duk kanwar ja ce. Waɗannan babu mai su. Gaya mazaɓu goma ce, Ajingi ma goma. Aikin da za a iya zama a rubuta shi a littafi ne, rumfa bayan rumfa: su wane ne ba su da kati, su wane ne suke da shi ba sa fita, wa suke jin maganarsa.

To in an je, da me za a je musu? Nan tarihin Kano ya ishe mu. An kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950. A zaɓen 1951 ta taka rawar gani a zagayen farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa na wancan zamani ya tace ta, ba ta kai ko mutum ɗaya majalisar Kaduna ba. A zaɓen tarayya na 1959 kujera 8 ta samu, NPC na da 134. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e. Duk da haka ba su sauya magana ba: haraji, jangali, aikin tilas, zaluncin masu riƙe da talaka. Magana ce da manomin Gafasa ba ya buƙatar a fassara masa, don a jikinsa yake ji. Da mulkin farar hula ya dawo a 1979, mata kuma suka shiga layi, PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi ya hau ya soke haraji da jangali. Shekara 29 tsakanin kafa NEPU da wannan rana.

Jam'iyyun yau sukan zo da kundin manufofi mai shafi ɗari, wanda ko sakataren jam'iyya bai karance shi ba. A ganina magana ɗaya ko biyu sun isa, in dai masu ciwo ne kuma za a iya auna su. Kuɗin buhun taki a farkon damina. Asibitin da mai naƙuda za ta tarar da ma'aikaci cikin dare. Famfon da ya lalace aka bar shi. Ɗan takarar da ya san sunan ƙauyen da hanyarsa ke yankewa in ruwa ya sauka ya fi wanda ya iya zagin gwamnati a rediyo. Sojojin baka suna da amfaninsu, suna sa a san da kai, sai dai mai sauraro yakan yi dariya ya kashe rediyonsa, ba lalle ya bi ka rumfa ba.

Akwai kuma ƙuri'ar fushi. Gaya ta fi kowa sanin wannan, domin ɗanta Kabiru Gaya da ita ya zama gwamna. A zaɓen Disambar 1991 kowa ya san SDP ce mai jama'a a Kano, amma rikicin cikin gida ya raba ta, tsohuwar gabar ɓangarorin PRP, Santsi da Taɓo, ta farfaɗo, NRC ta Kabiru Gaya ta shige ta tsakiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar jam'iyya kullum tana haifar da masu ƙorafi, musamman bayan zaɓen fitar da gwani, inda ake ɗora wani a danne wani. Ƙaramar jam'iyya mai wayo tana sa kunne tun kafin lokacin, ta kuma bar ƙofarta a buɗe. Sai dai ta zaɓi wanda za ta karɓa. Wani da jama'arsa yake zuwa, wani kuwa da jakarsa kawai, yana neman tikitin haya.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a fara daga kansila. A takarda daidai ne, a Kano kuwa da wuya. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, kuma yadda APC ta share komai a 2021, haka NNPP ta share komai a watan Oktoban 2024. Matakin da ya fi dacewa shi ne majalisar dokokin jiha, wadda INEC ke gudanar da zaɓenta. Gaya na da kujerarta, Ajingi na da tata, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ya ci. Ba a neman kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi kamar yadda ake yi wa ɗan takarar gwamna. Kujera ɗaya tak ma tana iya tsare ran jam'iyya, domin a watan Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 da suka kasa cika sharuɗɗa irin na cin kujera. A Senegal, Ousmane Sonko ya kafa Pastef a 2014, ya shiga majalisa a 2017 kusan shi kaɗai, ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa na 2019, a 2024 kuma ɗan takararsu Bassirou Diomaye Faye ya ci tun a zagayen farko. Jam'iyyar da kuɗinta bai kai ya kawo ba, gara ta zuba shi a mazaɓa ɗaya da ta tsayar da mutum a ko'ina ta tashi da ƙuri'a arba'in-arba'in.

Sauran aiki na ranar zaɓe ne, kuma Kanawa sun daɗe da taƙaita shi: a kasa, a tsare, a raka. Ejan shi ne idon jam'iyya. Ya zama ɗan wurin, ya iya karatu da lissafi, a ba shi abinci da kuɗin cajin waya don kada ya ci na wani. Ya ga an tantance kowa da na'urar BVAS, ya tsaya har a ƙirga a gabansa, ya sa hannu a takardar sakamako EC8A, ya karɓi kwafinsa, ya bi ta har wurin tattarawa. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da watan Satumbar 2023, lokacin da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu. Sai da aka kai Kotun Ƙoli, ranar 12 ga Janairu, 2024, kafin ƙuri'un su dawo. NNPP na da kuɗin lauyoyi. Ƙaramar jam'iyya ba ta da su, don haka dole ejanta ya juya takardar ƙuri'a ya duba bayanta tun da safe.

Maganar taliya da sabulu da atamfa kuwa, ba sai an ja ta ba. Laifi ne a dokar zaɓe, kuma ko ba laifi ba ne, kasuwa ce da mai gwamnati zai fi ka tayi kullum.

In an ci kuma, sai riƙon wanda ya ci. A 2025 Kawu Sumaila ya koma APC da kujerar da ya samu a NNPP. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, amma ya bar kafa: sai dai in jam'iyyarsa ta rabu. NNPP kuwa tun bayan zaɓe take fama da ɓangarori a kotu. Shi ya sa rikicin shugabanci ya fi yi wa ƙaramar jam'iyya illa a kan babba, domin duk takardar kora da wani ɓangare ya rubuta wa wani, hujja ce da ɗan majalisarta zai ajiye a aljihu har ranar da zai tafi.