Babu Teku a Bagudo, To Me Ya Haɗa Mu da Jirgin Ruwa?

A wannan makon ina so mu duba ma'anar wata kalma da muke ji kullum. Idan mutum ya sayi mota ko firij da aka taɓa amfani da su a ƙasar waje, sai a ce “ɗan Kwatano ne”. Me ya sa ake cewa haka?

Kwatano babban birni ne a Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, kuma yana bakin Tekun Atilantika. A can akwai tashar jiragen ruwa, wato wurin da manyan jirage ke tsayawa a sauke kaya ko a yi lodi. Waɗannan jirage ba irin kwalekwalen da muke gani a Lolo ba ne. Guda ɗaya kan ɗauki dubban kwantenoni, kuma kowace kwantena akwatin ƙarfe ce mai tsawon ƙafa 20 ko 40. Babbar kwantena ɗaya ta isa lodin tirela guda. Shi ya sa dakon kaya ta ruwa ya fi arha, har kusan kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta teku suke bi.

Idan an sauke kaya a Kwatano, tireloli kan yi arewa da su, su bi ta Paraku da Kandi. Daga Kandi hanya ta miƙe zuwa Malanbil, inda gada ta haɗa garin da Gaya ta ƙasar Nijar, wadda ba ta da teku ko kaɗan. Wata hanyar kuma ta yi gabas zuwa Segbana, daga nan sai Tsamiya a ƙaramar hukumarmu. Kun ga ashe muna bakin hanyar teku ba mu sani ba.

Ita ma Nijeriya tana da nata tashoshin. A Legas akwai Apapa da Tin Can, da kuma Lekki wadda aka buɗe a 2023. Akwai Onne da Fatakwal a Jihar Ribas, da Warri, da Kalaba. Hukumar NPA ce ke kula da su. To tunda muna da namu, me ya sa kaya ke zagayowa ta Benin? Babban dalili shi ne kuɗin fito. Harajin da Benin ke karɓa a kan shinkafa da motoci bai kai na Nijeriya ba, ga shi an daɗe ana kukan cunkoso a Apapa. Sai wasu 'yan kasuwa su sauke kaya a Kwatano, a shigo da su ta ɓarauniyar hanya, a kan babur ko a kwalekwale. Wannan shi ne fasa-ƙwauri.

Abin ya shafe mu ƙwarai, domin Kebbi jihar shinkafa ce. Idan shinkafar Indiya da Tailan ta cika kasuwa da arha, manomin fadama ne zai yi asara. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamban 2020. Manoman shinkafa sun samu ciniki, amma abinci ya yi tsada, kuma masu kai albasa da sauran kaya ƙetare sun sha wahala. Ga dangi a ɓangarorin biyu, masu yare ɗaya da kasuwa ɗaya. Iyaka dai hanjin jimina ce, akwai na ci akwai na zubarwa.

Wani abin lura shi ne yawancin manyan jiragen da ke kawo mana kaya na kamfanonin waje ne, irin su Maersk da MSC. Nijeriya ta taɓa kafa kamfanin jiragen ruwanta a 1959, amma bashi da rashin kula suka durƙusar da shi, aka rufe shi a 1995. Kuɗin dakon da za mu samu, wasu ke kwashewa.

Yanzu an fara matso da tasha kusa da Arewa. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. A irin wannan tasha jami'an kwastan ke duba kwantena a biya fito, ba sai ɗan kasuwa ya je Legas ba.

Kogin Kwara da ke ratsa ƙasarmu yana tafiya har ya faɗa teku. Saboda haka kada mu ce aikin ruwa ba namu ba ne. Matuƙin jirgi da injiniya da jami'in kwastan duk daga aji irin namu suka fara. Mu dage da lissafi da kimiyya, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida