Jinjirin Wata Ma Darasi Ne

A duk ƙarshen Sha'aban, mutanen Abuja kan zuba ido yamma bayan faɗuwar rana, suna jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. A ganina, daga nan ya kamata a fara koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare ilimin sararin samaniya. Wata ba shi da hasken kansa. Na rana yake aro. Yayin da yake kewaya duniya, ɓangarensa mai haske da muke hangowa yakan ƙaru, ya kuma ragu, daga jinjiri zuwa jinjiri cikin kwana 29 da rabi. Shi ya sa watan Musulunci yake yin 29 ko 30. Idan kuwa wata ya gitta daidai tsakaninmu da rana, sai a yi husufi, kamar na 29 ga Maris, 2006, da ya duhunta Katsina.

Wasu za su ce makarantu ba su da na'urar hangen nesa. Gaskiya ne, kuma ya dace hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA da ke Lugbe ta taimaka. Amma lemo, tocila da ɗaki mai duhu sun isa yaro ya ga yadda haske ke zagaya ƙwallo da idonsa.