Tanzanayit da Alekzandirayit: Launi, Tauri da Batun Magani

Dillalan duwatsu masu daraja kan jera tanzanayit da alekzandirayit wuri guda, saboda kowannensu yana nuna launi fiye da ɗaya. Amma dalilin sauyin ba iri ɗaya ba ne, kuma mai niyyar zuba kuɗinsa ya kamata ya san bambancin.

Alekzandirayit ne yaya. An gano shi a tsaunukan Ural na Rasha cikin shekarun 1830, aka raɗa masa sunan yariman da daga baya ya zama Sarki Alexander na Biyu. Da rana kore ne. A kai shi gaban kyandir ko fitilar ƙwai, sai ya rikiɗe ya koma ja mai sirkin shunayya. Ɗan sinadarin kuromiyam da ke cikinsa ne ke shanye rawayan haske, ya bar kore da ja su wuce. Hasken rana ya fi yawan kore da shuɗi, harshen wuta kuwa ja ya fi yawa a cikinsa, don haka wanda ya rinjaya shi ido ke gani. Ramukan Rasha sun kusa ƙarewa, yanzu an fi samun sa a Siri Lanka, Indiya da Barazil.

Tanzanayit kuwa ɗan jiya ne. A 1967 aka gano shi a tuddan Merelani, kusa da Arusha a Tanzaniya, kuma har yau nan kaɗai ake haƙo shi a duk duniya. Kamfanin Tiffany na Amurka ne ya sa masa wannan suna a 1968. Shi juya shi ake yi: ta nan shuɗi, ta can shunayya, ta gefe na uku ja mai ruwan ƙasa. Abin da ba kowane dillali zai faɗa maka ba shi ne, kusan duk wanda ke kasuwa sai da aka gasa shi a zafin da ya kai digiri 500 ko fiye, don a kori ruwan ƙasan nan, shuɗin ya fito fes. Ba ha'inci ba ne, sananniyar al'ada ce a sana'ar. Darajarsa kuwa ba wasa ba: a 2020 wani mahaƙi, Saniniu Laizer, ya sayar wa gwamnatin ƙasar duwatsu biyu, masu nauyin sama da kilo 14 a haɗe, a kan shilin biliyan 7.7.

A wajen tauri, tazarar tana da yawa. A ma'aunin Mohs, inda lu'ulu'u ke da 10, alekzandirayit yana da 8.5, tanzanayit kuwa tsakanin 6 da 7. Ƙwayar yashin da ke cikin ƙura tana da 7. Wato ƙurar hunturun nan tamu, in aka goge ta da tsumma a kan tanzanayit, a hankali za ta dusashe shi. Ga shi kuma da saurin tsagewa in ya bugu. Ya fi dacewa da sarƙa ko 'yan kunne. Zoben kullum sai alekzandirayit.

Sai batun magani. Masu talla a intanet na cewa tanzanayit yana kwantar da hankali, alekzandirayit kuma yana gyara jini, yana jawo sa'a. Babu wani binciken likitanci da ya tabbatar da ko ɗaya. Mutum kan iya jin daɗi in ya sa abin da yake so, amma wannan daga zuciyarsa ne. Amfanin da likitoci suka sani guda ne, kuma da alekzandirayit ɗin da ake haɗawa a masana'anta ake yin sa: ana sa shi a na'urar leza da likitocin fata ke cire gashi, baƙin tabo da zanen tatu da ita.

Kada wani ya ruɗe ka da niƙa dutse a sha. Alekzandirayit na ɗauke da sinadarin beriliyam, wanda ƙurarsa ke illata huhu. Mai son ado ya nemi takardar gwajin dutse kafin ya biya, domin jabu sun cika kasuwa. Mai ciwo kuma ya nufi asibiti.