Farar ƙasa a kan ƙanƙara: abin da Paul Hoffman ya karanta a duwatsun Namibiya

A arewa maso yammacin Namibiya akwai tsaunuka tsirara da rana ke gasawa, babu ciyawar kirki balle inuwa. A jikin wasunsu akwai wani layi da mutum zai iya ɗora ɗan yatsa a kai. Ƙarƙashin yatsan tarkace ne, manyan duwatsu da ƙanana cakuɗe cikin lakar da ta taurare, irin kayan da ƙanƙara mai tafiya ke kwasowa ta zubar. Nan da can za a ga ƙaton dutse guda ya lotsa siraran shimfiɗun lakar da ke ƙarƙashinsa, alamar daga sama ya faɗo, lokacin da tudun ƙanƙarar da ke ɗauke da shi a kan teku ya narke. Sama da yatsan kuwa dutsen farar ƙasa ne, shimfiɗe sumul, irin wanda aka saba gani a teku mai ɗumi. Babu wata tazara tsakaninsu. Sanyin da ya fi kowane sanyi, sai zafi ya hau kansa kai tsaye.

Wannan layi ne ya ci fiye da shekara ashirin na rayuwar Paul Hoffman, masanin duwatsu ɗan ƙasar Kanada.

Dutsen farar ƙasa ba baƙo ba ne a wajenmu. Shi ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato da Malbaza a Nijar a yi siminti, kuma mai lura zai tsinci ɓawon halittun ruwa a cikinsa, domin teku ya taɓa kwanciya a wurin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Masana na kiran dangin waɗannan duwatsu kabonet. Yawancinsu a cikin ruwan teku suke haɗuwa, kuma a yau sun fi taruwa a wurare masu ɗumi marasa zurfi kamar tsibiran Bahamas. Amfaninsu ga mai binciken yanayi shi ne suna ɗaukar sinadaran ruwan da suka fito daga ciki su adana. Wanda ya iya auna su zai san yadda teku da iska suke a zamanin da babu ɗan Adam, babu ma bishiya ko ɗaya a doron ƙasa.

An haifi Hoffman a Toronto a 1941. Ya yi digirin farko a Jami'ar McMaster, ya kammala na uku a Johns Hopkins ta Amurka a 1970. Ɗan tsere ne na gaske, har ya shiga cikin goman farko a gudun fanfalaki na Boston a 1964, kuma wannan juriyar ta yi masa rana a aikin da tafiyar ƙasa ce rabinsa. Fiye da shekara ashirin ya yi a hukumar binciken ƙasa ta Kanada, yana taka arewacin ƙasar mai tsananin sanyi. A can ya nuna cewa ɓangarorin ɓawon duniya sun riga sun fara motsi suna karo da juna tun kusan shekaru biliyan biyu baya, a lokacin da masana da yawa ke ganin wannan motsi sabon abu ne. Da dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da shugabannin hukumar, ya bar ta a 1992, kuma bayan shekara biyu ya koma Harvard.

A 1993 ya fara zuwa Namibiya, kuma ba ƙanƙara ta kai shi ba. Yadda tsofaffin nahiyoyi suka haɗu ya je nema. Amma duk inda ya auna sai ya ci karo da tarkacen nan da farar ƙasa a kansa.

Wasu sun riga shi ganin matsalar. Tun 1964 Brian Harland na Jami'ar Cambridge ya lura cewa irin wannan tarkace yana kusan kowace nahiya. A Tarayyar Sobiyet, lissafin Mikhail Budyko ya nuna cewa ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama saboda farinta, don haka idan ta yaɗu ta wuce wani mizani, sanyi zai riƙa haifar da sanyi har duniya ta daskare gaba ɗaya. Sai dai an ɗauki abin a matsayin wasan lissafi, domin idan duniya ta taɓa daskarewa haka, me zai narkar da ita? Joseph Kirschvink na jami'ar Caltech ta Amurka ne ya ba da amsa a 1992, a wata 'yar gajeriyar maƙala da ba ta ja hankali ba. Maganaɗisun da ke cikin duwatsun kudancin Ostireliya ya nuna ƙanƙara ta sauko har bakin teku a kusa da layin ikwaita. Duwatsu masu aman wuta kuwa, in ji shi, ba su san da sanyi ba. Za su ci gaba da fitar da iskar kabon dayoksaid, kuma tunda babu ruwan sama da zai wanke ta, za ta yi ta taruwa har zafi ya rinjayi ƙanƙara. Shi ya raɗa wa wannan hali suna duniya dunƙulen ƙanƙara.

Abin da Hoffman ya kawo shi ne shaidar dutse. Aikin ba shi da wani armashi: a hau tsauni da guduma da sandar awo, a fasa ɗan guntu, a rubuta lamba, a matsa gaba kaɗan a sake fasa wani, har jaka ta cika. A ɗakin gwaji ake auna nau'i biyu na kabon da ke ciki, kabon 12 mai sauƙi da kabon 13 mai ɗan nauyi. Halittun da ke haɗa abincinsu da hasken rana sun fi son mai sauƙin, saboda haka idan teku na cike da rai, abin da ya rage a ruwa, ya shiga farar ƙasa, yakan fi yawan kabon 13. A duwatsun Namibiya awon ya yi sama na tsawon zamani, sannan ya rikito a kusa da tarkacen ƙanƙarar, ya kai kusan matsayin kabon da ke fitowa daga aman wuta. Hoffman ya fassara wannan da cewa rayuwa a teku ta kusan tsayawa cak.

Saura farar ƙasar da ke sama. A nan abokin aikinsa na Harvard, Daniel Schrag, masanin sinadaran teku, ya shigo. Idan iskar kabon ta taru har ta ninka ta yau sau ɗaruruwa, to da zarar ƙanƙara ta fara ja da baya, duniya za ta tsallaka daga matsanancin sanyi zuwa matsanancin zafi cikin ɗan lokaci. Ruwan sama mai tsami zai zuba a kan duwatsun da ƙanƙara ta niƙe, koguna su kwashi narkakken sinadari su kai teku, teku ya ƙoshi ya zubar da shi a matsayin kabonet. Ashe dutsen da ake ganin yana ƙaryata labarin ƙanƙarar shi ne babban mashaidinsa. A 1998 Hoffman da Schrag da Alan Kaufman da ɗalibi Galen Halverson suka wallafa wannan bayani a mujallar Science.

Sai ƙura ta tashi. Wasu masu lissafin yanayi suka ce ba lallai teku ya rufe ruf ba, mai yiwuwa an bar ɗamarar ruwa a tsakiyar duniya. Wasu masanan, Martin Kennedy da Nicholas Christie-Blick, suka danganta farar ƙasar da iskar methane da ta kuɓuce daga daskararriyar ƙasa. An kuma nuna cewa rikitowar awon kabon ta fara tun kafin ƙanƙara ta iso, abin da fassarar farko ba ta gamsar a kai ba. Hoffman ba mai sanyin baki ba ne a muhawara, kuma littafin da Gabrielle Walker ta rubuta kan wannan labari a 2003 bai ɓoye zafin ransa ba.

Amma ba ƙarfin murya ne ya matsar da maganar gaba ba. Shekarun duwatsun ne. Idan ra'ayin gaskiya ne, dole ƙanƙarar ta ƙare lokaci guda a ko'ina. Da aka auna ƙwayoyin ma'adinin zirkon a tokar aman wutar da ke cikin waɗannan duwatsu, ta Namibiya ta ba da kimanin shekaru miliyan 635, ta kudancin Sin ma haka. Akwai kuma wata daskarewar da ta gabaci wannan, wadda ta fara wajen shekaru miliyan 717 baya, ta shafe fiye da miliyan 50. A 2004 masana suka amince da sabon zamani a jadawalin tarihin duniya, Ediacaran, suka kafa farkonsa daidai gindin irin wannan farar ƙasa a tsaunukan Flinders na Ostireliya. Ana samun jerin nan, tarkace a ƙasa kabonet a sama, har a Muritaniya da Mali da kwarin Volta na Gana.

Hoffman ya karɓi lambar Wollaston a 2009, da kyautar Kyoto ta Japan a 2024. A shekarun baya-bayan nan hankalinsa ya karkata ga tambayar da masu suka suka fi riƙewa: ina rayuwa ta fake? Gansakukar teku da kakannin dabbobi sun tsallake daskarewar biyu, kuma suna bukatar ruwa, wasunsu har da haske. Amsar da ya fi karkata gare ta ita ce ƙananan kududdufai a saman ƙanƙarar kanta, inda baƙar ƙura ke shan zafin rana ta narkar da abin da ke ƙarƙashinta. Akwai irinsu yau a Antaktika, kuma masu bincike na ɗebo ruwansu suna duba halittun da ke rayuwa a ciki.