Tsakanin Zauren Malam da Asibiti: Makomar Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa a Jigawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, idan matashi ya fara surutai shi kaɗai, ko mai jego ta daina barci ta juya wa jaririnta baya, ba asibiti iyali ke fara tunawa ba. Zauren malam suke nufa. A yi ruƙiyya, a ba da rubutun sha, a yi hayaƙi. Sai abin ya gagara sannan a soma maganar likita, wani lokacin bayan watanni, lokacin da ciwon ya riga ya yi jijiya.

Wannan ɗabi'a ba rashin hankali ba ce daga iyali. Malam yana kusa, an yarda da shi, ba ya neman kuɗin kati. Asibitin masu taɓin hankali na jihar kuwa yana Kazaure, can arewa maso yamma, tafiya mai nisa ga talakan Gwaram ko Buji. Akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, amma ƙwararrun wannan fanni sun yi ƙaranci a ƙasar baki ɗaya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, gadon Turawan mulkin mallaka, wadda ta ɗauki majinyaci tamkar abin tsarewa. Sabuwar dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kula da wannan fanni, ta haramta nuna wariya, ta kuma kare mutuncin majinyaci. Sai dai doka a Abuja daban, aiki a ƙauye daban. Manyan asibitocin jiha da ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomi 27 na Jigawa suna hannun jiha ne, don haka a Dutse za a san ko dokar za ta taɓa rayuwar talaka.

Ba mu manta da abin da aka bankaɗo a 2019 ba, lokacin da jami'an tsaro suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sasari a ƙafa. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, don ba su ga wata mafita ba. Rufe irin waɗannan gidaje daidai ne, amma idan ba a buɗe wata ƙofa ba, sarƙar za ta koma cikin ɗakunan gida.

Musulunci bai taɓa ɗaukar magani a matsayin kishiyar addu'a ba. Malaman usulu sun lissafa kare hankali cikin manufofi biyar na Shari'a, fiƙihu kuma ya ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, ya ɗora kula da shi a kan waliyyi da shugaba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambance baƙin ciki mai sanadi da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da dalili ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma da dukiyar waƙafi ake tafiyar da shi.

A nan gida ma akwai abin koyi. A 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin.

Abin da ya kamaci gwamnatin Gwamna Umar Namadi shi ne ta bi wannan sawu. A horar da ma'aikatan ƙananan cibiyoyin lafiya su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da illar shaye-shaye, a tanadi magani mai sauƙin kuɗi. A zauna da limamai da alarammomi, ta hannun masarautu, a koya musu alamomin da ke buƙatar likita cikin gaggawa, kamar barazanar kashe kai ko ƙin cin abinci. A hana duka da ɗauri da sunan fitar da aljani. Masu hali kuma su tuna cewa majinyacin da ba ya iya neman abincinsa yana cikin masu haƙƙin zakka.

Malamin da ya yi wa majinyaci addu'a sannan ya ce wa iyalinsa su wuce asibiti bai rage komai daga imaninsa ba, amana ya sauke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon kula da su.