Idan Ciwon Garkuwar Jiki Ya Motsa

A Dawakin Tofa, mai ginin tukwane da hannunta take ci. Idan amosanin gaɓoɓi ya motsa mata, yatsu su kumbura, su sage da safe, sai mako ya wuce ba tukunya. Garkuwar jikinta ce ke yaƙar gaɓoɓinta, ciwon kuwa yakan lafa ya dawo. A nan mu masu hidima muke kuskure: da ya lafa sai mu sa ta ba da shaidar warkewa, ta watsar da magani, alhali yanke prednisolone farat ɗaya haɗari ne. Mu yi addu'a tare da ita, kada mu tono laifinta kamar abokan Ayuba. Ta huta, ta gasa gaɓoɓin da ruwan ɗumi, ikkilisiya kuma ta haɗa mata kuɗin mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.